Daga Abuja Zuwa Mazaɓa: Inda Kuɗin Ƙaramar Hukuma Ke Zurarewa, da Yadda Ake Toshewa

Ranar 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Mai Shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin, kuma abu biyu ne ƙashin bayansa. Na farko, kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya ya riƙa shiga hannunsu kai tsaye, ba ta hannun gwamna ba. Na biyu, gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya ɗora kantoma, kuma duk inda kantoma ke riƙe da mulki, kason ba zai je ba. A Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Jigawa mai 27 an yi murna, musamman 'yan ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi ta NULGE da suka shekara da shekaru suna wannan fafutuka. Murnar da hujjarta. Sai dai mutumin ƙauyen Rogo ko Birniwa ko Buji, wanda tuƙa-tuƙar unguwarsu ta yi shekara ba ta ba da ruwa, yana da tambayar da hukuncin bai amsa ba: to in kuɗin ya sauka a sakatariya, wa zai hana a cinye shi a nan?

Amsar ba ta cikin kotu. Tana cikin wasu takardu marasa farin jini: jerin sunayen masu albashi, littafin rasit na kasuwa, takardar shaidar kammala kwangila, da rahoton odita. Wanda ya san yadda waɗannan huɗun suke aiki ya san inda kuɗi ke bi ya ɓace. Amma kafin a kai gare su, sai an fara bin kuɗin tun daga inda ya taso.

Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, yana zama a Abuja. A babban kason da doka ta tsara, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin VAT kuwa ƙananan hukumomi suna da kashi 35. Wajen raba nasu na babban kason a tsakaninsu, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma bisa faɗin ƙasa, ƙoƙarin tara kuɗin shiga, da ma'aunin ci gaba kamar yawan ɗalibai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, adadin nairorin da ake rabawa ya ƙaru ƙwarai, ko da yake tsadar siminti da rodi da man dizal ta cinye wani ɓangare na ƙarin.

Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Manufar a takarda mai kyau ce: kason Abuja ya shigo, jiha ta zuba nata kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigar da ta tara a cikin gida, a haɗa a raba wa ƙananan hukumomi. A aikace sai asusun ya zama wurin yanka. Ana cire albashin malaman firamare a miƙa wa hukumar ilimin matakin farko ta jiha, SUBEB, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire kashi ɗaya na horar da ma'aikata, sannan a zo kan babban ramin, wato abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. A nan ne ake sanya ƙaramar hukumar karkara ta ba da gudummawar aikin da aka tsara a birni, aka ba da kwangilarsa a birni, wani lokaci ma aka yi shi a birni. Abin da ya rage bayan wannan yanke-yanke shi ne yake isa hannun ciyaman, kuma sau da yawa bai wuce na albashin sakatariya da ɗan kuɗin gudanarwa ba.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane yanki ne sata ba. Wanda ya san tarihin malaman firamare ba zai yi gaggawar cewa a sakar wa ciyamomi komai ba. A 1991 gwamnatin soja ta miƙa ragamar ilimin firamare ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi watanni ba albashi a sassa da dama na ƙasar, har dole aka sake dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993. Shi ya sa ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana ɗari-ɗari da batun 'yancin ƙananan hukumomi. Ko a 2025, malaman firamare na Babban Birnin Tarayya sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki saboda majalisun yankin sun gaza biyan sabon mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70. Saboda haka gyaran ba shi ne a daina cire albashin malamai da na ma'aikatan asibiti tun daga tushe ba. Gyaran shi ne majalisar ƙaramar hukuma ta amince da cirewar a rubuce, adadin ya dace da ainihin ma'aikatan da ke aiki a cikin iyakarta, kuma a nuna lissafin kowane wata. Ƙaramar hukumar da ke da malamai ɗari takwas bai kamata ta biya albashin dubu ɗaya da ɗari biyu ba don kawai haka aka rubuto daga hedikwata.

Albashi shi ne rami mafi zurfi

A yawancin ƙananan hukumomin karkara albashi ne ke lashe mafi yawan kason wata, don haka duk gyaran da bai fara daga nan ba, ado ne kawai. Ma'aikacin bogi kuma ba iri ɗaya ba ne, kowane iri da yadda ake kama shi. Akwai mamacin da ba a cire sunansa ba. Akwai wanda ya yi ritaya yana karɓar fansho da albashi tare. Akwai suna ɗaya da ya fito a sassa biyu da ɗan bambancin rubutu. Akwai wanda aka cusa a gurbin mamaci, yana amsa sunan da ba nasa ba. Sai kuma wanda ya fi wahalar kamawa: mutum ne na gaske, da takardar ɗaukar aiki ta gaske, amma yana zaune a Kano ko Dutse yana harkar gabansa, ƙarshen wata ya raba albashin da wanda ke rufa masa asiri.

Tsarin ɗaukar aiki shi kansa yana buɗe ƙofa. Ma'aikata daga mataki na 7 zuwa sama suna ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, na mataki na 1 zuwa na 6 kuma ƙaramar hukumar ce ke ɗaukarsu. A wannan ƙasan ne ciyaman mai barin gado yake zuba magoya baya a watanninsa na ƙarshe, masinja a kan masinja, maigadi a kan maigadi, ya bar wa na bayansa nauyin da ba ya saukuwa.

Tantancewar da aka saba yi, wadda ake tara ma'aikata a sakatariya su yi layi da takardunsu a rana, ba ta cika kama kowa ba. Wanda ke zaune a birni zai zo ranar da takardunsa cif-cif, ya fi ma malamin ƙauye shiryawa. Wanda kan faɗa tarkon shi ne dattijon leburan asibiti da takardarsa ta farko ta jiƙe a ambaliya, a tsayar masa da albashi wata huɗu. Idan kuma kamfanin da aka ba aikin tantancewar ana biyansa ne da kaso daga abin da ya ce ya ceto, to an ba shi dalilin zubar da masu gaskiya.

Hanyar da ke aiki ita ce a ajiye jeri uku a gefen juna. Jerin sunayen ma'aikata da ke ofishin daraktan mulki, jerin biyan albashi da ke ofishin ma'aji, da jerin waɗanda ke bakin aiki wanda hedimasta ko shugaban asibiti ya sa wa hannu ya ɗauki alhakinsa. Duk sunan da ya fito a na biyu bai fito a na uku ba, shi za a bi. Lambar BVN da ta NIN suna fallasa suna biyu masu asusu ɗaya cikin 'yan mintoci. Mai zaman birni kuwa ba kwamfuta ke kama shi ba, jama'a ne: a liƙa sunayen duk malaman da ake biya da sunan makarantar a jikin bangon makarantar, na asibiti a ƙofar asibiti. Mai unguwa da iyayen yara sun san wanda suke gani da wanda ba su taɓa gani ba. Bayan an tsabtace jerin sai a tsare shi da lissafi mai sauƙi kowane wata: jimillar albashin wannan wata dole ta zama ta watan jiya, a ƙara sababbin ɗauka da ƙarin girma, a debe mutuwa da ritaya, kuma kowane canji da takardarsa a maƙale. In jimillar ta motsa ba takarda, kada odita ya sa hannu. Rashin wannan lissafin ne ke sa bogin da aka kora bara su dawo bana.

Kasuwa

Kafin gyaran 1976 da ya kawo ƙananan hukumomi a fasalinsu na yau, En'e, wato hukumar gargajiya, tana rayuwa ne da harajin mutane da jangalin shanu, ana tara su ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi zuwa baitulmali. An sha zalunci a wannan tsari, kuma soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi bayan hawanta a 1979 ya sauke wa talaka kaya mai nauyi. Amma wani abu ya biyo baya da ya kamata a lura da shi. Hukumar da ba ta dogara da aljihun mutanenta ba, ba ta jin dole ta saurare su. Mutanen su ma suna kallon kuɗin Abuja kamar ba nasu ba. Wannan yankewar igiya ce ta sa batun kuɗin shiga na cikin gida ya fi ƙarfin adadinsa muhimmanci.

Dokar haraji ta 1998 da ta jera abin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta bar wa ƙaramar hukuma kuɗin rumfuna da shaguna, kuɗin kasuwa, na tasha, na mayanka, rajistar aure da makamantansu. A yankinmu kasuwa ce uwa. Wanda ya taɓa tsayawa a karar Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, ko Dambatta ranar Lahadi, ya ga yawan dabbobi da manyan motocin da ake lodawa zuwa Kudu, ya san ba ƙaramin kuɗi ke juyawa ba. Abin da ke shiga asusun hukuma daga irin waɗannan kasuwanni sau da yawa ba ya kama da abin da ido ya gani.

Ga yadda yake zuba. Littafin rasit takarda ce mai daraja kamar kuɗi: ana buga shi da lamba a jere, a ajiye a ɗakin ajiya na ma'aji, a rubuta lambar farko da ta ƙarshe a rajista kafin a ba mai karɓar haraji, kuma ba a ba shi sabo sai ya dawo da tsohon tare da shaidar zuba kuɗin a banki. Da zarar an sassauta ɗaya daga cikin matakan nan, sai a buga littafi na biyu mai lamba iri ɗaya a wata maɗaba'a a gari. Ko mai karɓa ya cire takardar kwafi ya rubuta naira dubu a rasit ɗin da ya ba mai kaya, ya dawo ya rubuta ɗari biyu a kwafin da zai mayar ofis. Ko ya ce wa direba ya ba da rabi ba rasit, kowa ya amfana sai hukuma. Mafi muni shi ne a ba wani jigon jam'iyya kasuwar gaba ɗaya a kan ƙayyadadden kuɗi duk mako, adadin da aka yanke shekarun baya ba a sake dubawa ba, duk abin da ya haura nasa ne.

Ba a gyara wannan da sayen na'urar POS kawai. Na'ura tana taimakawa inda akwai sabis, amma mai karɓar da ya saba cewa "kawo rabi" zai ce na'urar ta mutu. Matakin farko shi ne ƙidaya. A tura mutanen da ba su da alaƙa da masu karɓar harajin su tsaya a ƙofofin kasuwa su ƙirga motoci da dabbobi da rumfuna, a ci kasuwa uku ko huɗu a lokuta daban-daban: da kaka, da rani, gab da Babbar Sallah, da tsakiyar damina lokacin da kasuwa ke ja baya. A ninka adadin da farashin da doka ta yanke, sai a sami ma'aunin abin da ya kamata ya shigo. Daga nan mai karɓar da ya kawo sulusin ma'aunin yana da bayanin da zai yi. Na biyu, a kafa allo babba a ƙofar kara da farashin kowane abu, sa nawa, akuya nawa, tirela nawa, don kada a karɓi fiye ko ƙasa. Na uku, wanda ke riƙe da littattafan rasit, da wanda ke karɓa, da wanda ke duba lissafi, kada su zama mutum ɗaya ko 'yan ɗaki ɗaya. Kuma dole wani sanannen kaso ya koma cikin kasuwar a gani da ido: ruwan sha, makewayi, wurin lodin shanu, cike kwatamin da ke hana mota shiga da damina. Sarkin kasuwa da dillalai da 'yan kamasho su ne suka fi kowa sanin abin da ake karɓa. Ranar da suka ga kuɗin yana dawowa rumfarsu, su za su fara tona mai rasit na bogi.

Kwalbati da tuƙa-tuƙa

A wajen kwangila dabarun sanannu ne. Kowane ciyaman yana da iyakar kuɗin da zai iya amincewa da shi shi kaɗai, abin da ya haura sai ya je gaban kwamitin kuɗi ko na ba da kwangila, a yi talla, a karɓi tayin mutane da dama. Don a kauce wa haka sai a yanka aiki ɗaya gida biyar, kowane yanki ƙasa da iyakar, a ba kamfanoni biyar da duk na mutum ɗaya ne. Alamar ita ce ka ga takardun biya da yawa masu adadi kusan ɗaya, a rana ɗaya ko mako ɗaya, a kan hanya ɗaya. Wata dabarar ita ce a ce hukuma za ta yi aikin da kanta, a fitar da kuɗin da sunan wani ma'aikacin sashen ayyuka a matsayin kuɗin kafin aiki, sannan a ƙi dawo da rasit ɗin abin da aka saya. Irin wannan bashin da ba a warware ba yana cikin abin da ya fi yawan fitowa a rahotannin odita. Hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, NFIU, ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira dubu 500 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, sauran duk ta banki zuwa asusun wanda ya yi aikin.

Takardar da ta fi kowace haɗari ita ce shaidar kammala aiki, wadda injiniya ko shugaban sashen ayyuka ke sa wa hannu kafin a biya. Ɗauki kwalbati, aikin da kowace mazaɓa ke roƙo. Kankaren da ake so ma'auni ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da rodi mai kaurin da aka rubuta a takardar ƙiyasi, kuma a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana bakwai kafin a ɗora masa nauyi. Ɗan kwangilar da ya riga ya raba kashi mai tsoka na kuɗin kafin ya fara aiki ba inda zai fanshe sai a nan: ya ƙara yashi, ya rage rodi, ya buɗe hanya bayan kwana biyu. Ranar ƙaddamarwa ba mai gane bambanci, fenti ya rufe. Ruwan Agusta ne ke yin binciken da injiniya bai yi ba. Haka bulo: buhun siminti mai kilo 50 in ya fitar da bulo mai inci tara kimanin 25 zuwa 30 an yi aikin kirki, in aka matsa shi ya fitar da 45, ajin da aka gina da shi ba zai ga yaran da suka shiga aji ɗaya sun gama firamare ba.

Maganin nan ma ba sabo ba ne, yana cikin ƙa'idar aiki tun da daɗewa: a riƙe kashi biyar cikin ɗari na kuɗin kwangila har wata shida bayan kammalawa, in aibi ya fito a gyara da shi. A karkara ya fi dacewa a ce sai aikin ya ga damina guda cikakkiya. Abin da za a ƙara shi ne a ba kwamitin ci gaban mazaɓa kwafin takardar ƙiyasi tun ranar da aka fara, da bayani da Hausa: buhun siminti nawa, rodi nawa, tsawo da faɗi nawa. A kowane ƙauye akwai magini da ya san aikinsa. In ya san an rubuta buhu sittin, zai ƙirga.

Sai kuma abin da kasafin kuɗi ke mantawa da shi da gangan, wato gyara. Tuƙa-tuƙa ba ta cika mutuwa don ruwan ƙasa ya ƙare ba. Robar cikin silinda ce ke cinyewa, ko sandar ta kwance, ko bututu ya tsage, abin da makaniken famfo zai gyara a yini guda in akwai kayan. Amma gyara ba shi da bikin buɗewa, ba shi da allon suna, kuma abin da za a samu a cikinsa kaɗan ne, sai a bar goma a mace a haƙa sabuwa ɗaya. Ƙaramar hukumar da ke son a ga aikinta da wuri ta fara da rajistar duk rijiyoyin burtsatse da ke ƙasarta, mazaɓa-mazaɓa, da halin da kowace ke ciki, ta ajiye kayan gyara a sito da makanike ɗaya ga kowace mazaɓa biyu ko uku, da ƙa'idar cewa duk wadda aka kawo rahotonta a duba ta cikin mako.

Wa ke tsaron mai tsaro

A takarda masu sa ido suna da yawa. Kansiloli su ne majalisa, su ke amincewa da kasafin kuɗi, suna da ikon kiran ma'aji ya yi bayani. Akwai odita na cikin gida da ke duba kowace takardar biya kafin kuɗi ya fita. Akwai Babban Odita na ƙananan hukumomi a jiha, wanda rahotonsa ke zuwa majalisar dokoki. Matsalar kowannensu daban ce. Kansila yana jiran alawus ɗinsa daga hannun wanda aka ce ya bincika. Oditan cikin gida ƙaramin ma'aikaci ne a kan ma'aji da darakta, in ya cika tambaya a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙarshen jiha. Rahoton Babban Odita kuwa yakan fito ne bayan waɗanda ya ambata sun bar kujera.

Batun canjin wurin aiki ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne linzamin da hukuncin Kotun Ƙoli bai taɓa ba. Masu sa hannu a asusun ƙaramar hukuma manyan ma'aikata ne, ma'aji da daraktan mulki, kuma jiha ce ke turo su, ita ke ɗauke su. Ko da kuɗi ya taho kai tsaye daga Abuja, wanda ke iya ɗauke ma'aji cikin dare yana iya juya asusun daga nesa. Gyaran da ake buƙata a dokar jiha shi ne a ba waɗannan jami'ai da odita wa'adi tsayayye, a ce shekara uku, ba a ɗauke su kafin nan sai da dalili a rubuce. Kuma jihohi ba su zauna ba: a 2024, bayan hukuncin, Anambra ta yi dokar da ta wajabta wa ƙananan hukumominta mayar da wani kaso cikin asusun da jiha ke kula da shi.

Linzami na biyu zaɓe ne. A watan Oktoban 2024 jihohin nan biyu sun yi zaɓen ƙananan hukumomi. A Jigawa APC mai mulki ta lashe kujerun ciyaman 27 duka, a Kano NNPP mai mulki a lokacin ta lashe 44 duka. Jam'iyyu biyu masu hamayya da juna, sakamako iri ɗaya, kuma haka abin yake a kusan kowace jiha. Wannan ya nuna ciwon ba na jam'iyya ba ne, na tsari ne: gwamna ke naɗa hukumar zaɓen jiha, shi ke ba ta kuɗi. Ciyaman ɗin da ya san ba ƙuri'ar mutanen mazaɓa ce ta kawo shi ba, ya san wanda zai faranta wa rai. Mayar da zaɓen hannun INEC sai an gyara kundin tsarin mulki, wanda ke buƙatar amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, kuma a nan ne ƙudirin 'yancin ƙananan hukumomi ya maƙale a zagayen gyaran da aka kammala a 2023. INEC ma ba waliyyiya ba ce, amma aƙalla ba mai takara ne ya naɗa alƙalin wasan ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da ba ya jiran Abuja. A Yuganda, binciken da aka yi a shekarun 1990 ya gano makarantun firamare ba sa samun ko rubu'in tallafin da gwamnati ke aika musu, yana maƙalewa a ofisoshin gunduma. Gwamnati ta fara buga adadin da ta aika a jaridu, ta sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allo. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80 cikin ɗari. A gida ma akwai misali: asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa yana tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun asibitin mazaɓa, kuma shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa yana cikin masu sa hannu tare da shugaban asibitin. Kano na da mazaɓu 484, Jigawa 287. Kwamitocin nan suna nan a ƙasa, ba sai an ƙirƙiro sababbi ba.

Abin da za a nema daga kowane ciyaman shafi ɗaya ne duk wata: abin da ya shigo daga Abuja, abin da aka tara a kowace kasuwa da tasha, abin da aka cire da sunan wanda aka cire wa, jimillar albashi da yawan ma'aikata, sai jerin kwangiloli da wurin aiki da sunan kamfani da kuɗin da aka biya zuwa yau. A rubuta da Hausa, boko da ajami, a liƙa a sakatariya da ƙofar hakimi da bakin kasuwa, a karanta a rediyo. Layin farko ma ba sai an roƙa ba, domin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma a intanet, kuma duk matashin da ke da waya zai iya sauke shi ya kwatanta da abin da aka liƙa.

In an ƙi bayarwa, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ta hau kan jihohi ma. Ƙungiyar ci gaban gari ko ta 'yan kasuwa za ta rubuta wasiƙa zuwa ga ciyaman, ba sai ta faɗi dalilin nema ba. Kada a rubuta "muna son bayanin yadda ake kashe kuɗinmu", wannan yana ba da damar amsa da zance. A ambaci takardar da sunanta da watanta: kwafin jerin biyan albashin makarantar kaza na watan Maris, ko takardar ƙiyasi da shaidar kammala kwalbatin hanyar kaza. A kai kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan ɗaya a dawo da shi, domin daga wannan ranar ake fara ƙirga kwana bakwai da doka ta ba hukuma ta amsa. In kwanakin sun cika shiru, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙi, kuma masu nema suna da kwana talatin su kai maganar gaban babbar kotu.